Yadda Ake Neman Diyyar Kansar Asbestos Bayan Aiki a Ƙasar Waje

Masu karatu sun sha aiko da tambaya ɗaya, sunan ƙasar ne kawai ke canzawa. Mutum ya yi ƙuruciyarsa yana aiki a wata ƙasa, ko a wurin gyaran jiragen ruwa, ko a matatar mai, ko wajen gini da rushe-rushe. Ya koma gida har ya manta, sai bayan shekara talatin numfashi ya fara yi masa wuya, likita ya ce kansa ce irin wadda ƙurar asbestos ke kawowa, wato wani ma'adini mai zare-zare da ake sawa a kayan gini da naɗin bututu saboda jure zafi. Kamfanin ya daɗe da rufewa, takardu sun watse. Ko akwai sauran hakki?

Sau da yawa akwai. Ƙasashen da suka fi amfani da asbestos sun san cutar kan yi shekara 20 zuwa 50 a ɓoye, don haka yawancinsu ba sa fara ƙirga wa'adi daga ranar da aka bar aiki. Hakkin kuma yana bin wurin da aka shaƙi ƙurar da wanda ya jawo aka shaƙe ta. Fasfon da mutum ke riƙe da shi da inda yake zaune a yau ba kasafai suke hana shi nema ba. Abin da ya fi ɓata wannan nema jinkiri ne da fara abu daga inda bai kamata ba. Matakai uku na farko a ƙasa a gama su cikin makonnin farko, ko an samu lauya ko ba a samu ba.

1. Samo sunan cutar a rubuce

Kalmar "kansa" kaɗai ba ta buɗe kowace ƙofa. Mai biyan diyya zai so ya ga ainihin sunan cutar, domin kowace da irin hujjar da ake nema a kanta.

Mesoteliyoma ita ce kansar tantanin da ya lulluɓe huhu ko kayan ciki. Kusan duk inda ta bayyana asbestos ne sanadi, shan taba ba ya kawo ta, kuma ko ƙurar da aka shaƙa ba ta da yawa ana amincewa da alaƙar. Kansar huhun kansa kuwa tana da sanadi barkatai, saboda haka sai ka nuna ƙurar ta yi yawa. Ma'aunin da masana suka tsayar a Helsinki a 1997, wanda ƙasashe da dama ke dubawa, ya ɗauki kimanin shekara ɗaya ta aiki cikin ƙura mai kauri, kamar feshin asbestos ko kwance shi daga tsofaffin gine-gine, ko shekara 5 zuwa 10 ta matsakaiciyar ƙura, kamar aikin gini ko ƙera jirgi, a matsayin abin da ke ninka haɗarin. Ana kuma danganta kansar maƙogwaro da ta ƙwan mace da asbestos.

Abubuwa uku za ka karɓo daga asibiti: rahoton hoton CT na ƙirji tare da faifan hotunan, rahoton gwajin ɗan naman da aka yanko daga wurin ciwon, da wasiƙar likitan ƙirji mai ɗauke da sunan cutar da kwanan wata.

Hattara: mesoteliyoma kan fara da taruwar ruwa a ƙirji, kuma a inda tarin fuka ya yi yawa sai a ɗora mutum kan maganinsa wata da watanni kafin a farga. Ka gaya wa likita irin aikin da aka yi tun ganin farko, ka roƙe shi ya rubuta a fayil. Ka kuma nemi ɗakin gwaji, a rubuce, kada su zubar da naman da suka daskarar cikin kakin da gilasan da suka duba. Kamfanin inshora yana iya cewa sai likitansa ya sake dubawa, kuma in an zubar, mai yiwuwa lafiyar mara lafiyar ba za ta ƙara ɗaukar wata yanka ba.

2. Rubuta ranar da aka gaya muku

Daga wannan ranar agogo ke tafiya. A Ingila shekara 3 ne daga ranar da mutum ya san cutar da alaƙarta da aiki. A Amurka kowace jiha da nata, wasu shekara ɗaya rak. Asusun FIVA na Faransa, mai biyan diyya ga waɗanda asbestos ya cutar, yana ba da shekara 10 daga takardar likita ta farko da ta haɗa cutar da asbestos. Jihar New South Wales ta Ostiraliya ba ta sa wa'adi a kan cututtukan ƙura.

Hattara: kada ka dogara da wa'adin ƙasar da kotun take. Wata dokar Ingila ta 1984 ta ce in dokar wata ƙasa ce ke hukunta shari'ar, to wa'adin waccan ƙasar ake bi. Wanda ya shaƙi ƙura a wata ƙasa yana wa kamfanin Ingila aiki zai iya zama yana ƙirga shekara 3 alhali ƙofarsa ta fi haka ƙunci. Ka ɗauka wa'adinka shekara ɗaya ne har sai lauya ya tabbatar maka da akasin haka a rubuce.

3. Ɗauki bayanin mara lafiya tun bakinsa na da ƙarfi

A nan shari'a ke tashi ko ta faɗi, kuma nan ne iyalai suka fi sakaci, don hankalinsu na kan asibiti. Takarda za ta nuna mutum ya yi aiki a wuri kaza. Babu takardar da za ta nuna cewa shi ne yake yanka allon rufi da zarto ƙura na tashi har ta rufe masa gira. Wannan sai bakinsa. Mesoteliyoma kuma cuta ce mai sauri: da yawan masu ita ba sa wuce shekara ɗaya ko biyu bayan an gano ta, kuma tun kafin nan magungunan kashe zafi kan dagula tunani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku zauna da shi lokacin da ya fi jin daɗin jikinsa, zama gajere-gajere, a ɗauka da bidiyon waya, cikin harshen da ya fi sakewa da shi. A fara daga aikin farko da ya taɓa yi, har da koyon sana'a, a bi su a jere. A kan kowane aiki a tambaye shi:

Wane suna ne a jikin takardar albashi, wane suna ne a ƙofar ma'aikata? Sau da yawa sun bambanta, domin ɗan kwangila ko ejan ne ya ɗauke shi, wurin kuma na wani ne. Duka biyun ana buƙata.

Me yake yi da hannunsa? "Ni mai walda ne" bai wadatar ba. Ana so a ji ko yana ɓare farin abin da aka naɗe bututun tururi da shi, ko yana kwaɓa garinsa a bokiti, ko yana hure ƙurar birki da kuloci da iska, ko yana shara bayan masu naɗin sun tashi. Da yawa ba su taɓa kama asbestos da hannu ba, a gefen masu kama shi suke aiki cikin ɗakin inji marar taga. Wannan ma ya shiga lissafi.

Awa nawa a rana, kwana nawa a mako, wata ko shekara nawa? An ba shi abin rufe hanci, wane iri? Akwai injin zuƙe ƙura? An taɓa yi masa gargaɗi?

Wane suna ko tambari ya tuna a jikin buhu, kwali ko inji? Ko launin buhun kaɗai ya tuna, a rubuta.

Su wa suka yi aiki tare, ko da laƙabi kawai ya sani, kuma daga ina suka fito? Wa ke wanke masa kayan aiki? Matan da suka yi ta kaɗe kayan aikin mazajensu sun kamu da wannan cuta, kuma kotuna sun ba su diyya.

Bayan an gama, a rubuta shi tsaf, a karanta masa, ya sa hannu a gaban mai ikon rantsarwa. Lauya zai zo ya ɗauki nasa bayanin ta hanyar da kotu ke so, amma in rai ya yi halinsa kafin nan, wannan ne zai tsaya.

Hattara: kada a koya masa abin da zai faɗa, kada a ƙara gishiri. "Ban tuna ba" ya fi ƙirƙira daraja sau dubu, domin lauyoyin inshora sun san shekarar da kowane kaya ya shiga kasuwa, kuma ƙarya ɗaya tana zubar da sauran gaskiyar. Kada a ɓoye shan taba: yana cikin fayil ɗin asibiti, za su gani. A kansar huhu yana iya rage kuɗin, bai cika soke shi ba. Haka kuma kada a ɓoye wani wurin da aka shaƙi ƙura a gida ko a wata ƙasa ta uku. A Birtaniya, dokar 2006 ta ce duk kamfanin da sakacinsa ya ƙara haɗarin mesoteliyoma ana iya kama shi da diyyar gaba ɗaya, shi ya je ya nemi sauran su raba.

4. Tattara shaidar aiki

Ka buɗe duk tsohuwar jaka. Tsohon fasfo mai hatimin shiga da fita, izinin aiki, takardar kwantaragi, takardun albashi, katin ƙungiyar ƙwadago, littafin ma'aikacin jirgin ruwa da ake buga wa hatimi a kowace tafiya, wasiƙun fansho, rasit ɗin aiko da kuɗi gida, hotunan wurin aiki. Abin da ya fi su duka amfani shi ne lambar inshorar ma'aikata ta waccan ƙasar, domin da ita hukuma za ta fitar maka da jerin wuraren da aka yi aiki.

A Birtaniya hukumar haraji ta HMRC tana ba da wannan jerin kyauta ga mai neman diyya, kuma bayananta sun koma har farkon shekarun 1960. A Amurka hukumar fanshon tarayya tana ba da irinsa, amma ana biya. A Faransa da Jamus asusun fansho ne ke riƙe da tarihin aikin kowane ma'aikaci. Amsar kan ɗauki lokaci, don haka a aika da wuri.

Wanda ya yi aiki ba rajista kada ya yanke ƙauna tun daga nan. Shaidar abokan aiki biyu da hoto da tsohuwar wasiƙa sukan cike gurbi. Ya dai gaya wa lauya gaskiyar yadda zamansa ya kasance.

Hattara: kada ka aika ainihin takarda ta gidan waya, kwafi ake aikawa. In rubutun suna ko ranar haihuwa sun saɓa tsakanin tsohon fasfo da sabo, a yi takardar rantsuwa tun yanzu cewa mutum ɗaya ne. Kada kuma ka kashe kuɗin fassara da hatimin ofishin jakadanci kafin lauya ya faɗi takardun da ake so, don ba duka ake buƙata ba, kuma wasu hukumomin ba sa karɓar fassara sai ta tafintan da suka yi wa rajista.

5. Gano ƙasar da za a nemi hakkin

Mutane na ɗauka ƙasa ɗaya ce, wadda aka yi aiki a cikinta. Ƙofofin sun kai huɗu, kuma sau da yawa fiye da ɗaya a buɗe take.

Ta farko ita ce inda aka shaƙi ƙurar. In ƙasa ce mai tsayayyen tsari irin Birtaniya, Faransa, Jamus, Holan, Beljiyam, Italiya, Japan ko Ostiraliya, daga nan ake farawa. Wanda ya yi aiki a ƙasashen Tarayyar Turai fiye da ɗaya, ƙa'idarsu ta 883/2004 ta ce ƙasar ƙarshe da ya yi irin wannan aiki a cikinta kuma ya cika sharuɗɗanta ita ke biyan kuɗin cutar aiki. Ba a karɓa sau biyu.

Ta biyu ita ce inda aka ɗauke shi aiki da asusun da ake yanke masa kuɗin inshora. Wanda kamfani ya tura wata ƙasa na ɗan lokaci yakan ci gaba da zama ƙarƙashin inshorar ƙasar da ta turo shi. Ma'aikacin jirgin ruwa kuwa sai an duba tutar jirgin, ƙasar mai jirgin, da abin da kwantaragi ya ce. Wanda ya yi wa ɗan kwangila aiki a sansanin sojan Amurka da ke wata ƙasa, ko a kwangilar gwamnatin Amurka a waje, dokar Defense Base Act ta 1941 ta shafe shi ko shi ɗan wace ƙasa ne, kuma wa'adin cutar aiki a ƙarƙashinta shekara 2 ne daga sanin alaƙar.

Ta uku ita ce inda uwar kamfanin take. Wannan ƙofar ta fi amfani ga wanda ya yi aiki a ƙasar da dokarta ba ta tanadi komai ba ga cutar da ta bayyana shekaru bayan barin aiki. A 2000 kotun ƙoli ta Birtaniya a lokacin ta yarda dubban 'yan Afirka ta Kudu su yi ƙarar kamfanin Cape a Ingila kan ƙurar da suka shaƙa a ma'adinai da masana'antun rassansa a ƙasarsu. A 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta kama wannan kamfani da alhakin cutar ma'aikacin wani reshensa da ya riga ya rushe. Hanyar ba sauƙi gare ta ba: sai an nuna uwar kamfanin na da hannu a harkar lafiyar ma'aikatan reshen, kuma za su fara da cewa a mayar da shari'ar can inda abin ya faru. Amma hanya ce.

Ta huɗu ita ce ƙasar wanda ya ƙera kayan, abin da ya sa na nace a kan sunan buhu.

6. Gano wanda zai biya

Rushewar kamfani ba ta kai ƙarshen magana ba, domin a mafi yawan lokuta inshora ke biya. Wanda ake nema shi ne kamfanin inshorar da ke riƙe da ma'aikatar a shekarun da aka shaƙi ƙurar, kamar yadda kotun ƙolin Birtaniya ta tabbatar a 2012. Inshorar ma'aikata ta zama dole a can tun 1972, kuma akwai ofishin ELTO da ake bincika tsofaffin inshora a rumbunsa kyauta ta intanet. A duba rajistar kamfanoni kuma, a ga ko suna aka canza ko wani ya saye shi da bashinsa.

A Amurka, manyan kamfanonin asbestos da suka karye sun zuba kuɗi a asusun amana don masu cutar. Na farko shi ne na kamfanin Johns-Manville, wanda ya fara aiki a 1988, kuma adadinsu ya kai wajen 60. Kowane yana da fom ɗinsa da jerin wuraren aikin da ya yarda an yi amfani da kayansa. Mutum ɗaya zai iya nema daga asusu da yawa. Abu biyu ne ba a cika faɗa wa baƙo ba: asusun yana biyan wani kaso ne kawai na ƙimar da ya sa wa cutar, wasu kashi kaɗan cikin ɗari, sannan da yawansu sukan ware neman wanda ya shaƙi ƙura a wajen Amurka da Kanada su duba shi shi kaɗai, su auna shi da abin da zai samu a ƙasar da abin ya faru. Alƙaluman miliyoyin daloli da ake gani a tallan lauyoyi ba su da alaƙa da wannan.

A Afirka ta Kudu an kafa asusun Asbestos Relief Trust a 2003 da Kgalagadi Relief Trust a 2006, na waɗanda suka yi aiki a wasu ma'adinai takamaimai. Ostiraliya na da asusun da ke biyan waɗanda kayan kamfanin James Hardie suka cutar.

7. Ɗauki lauya, ka san kuɗinsa

Lauyan da ake buƙata shi ne mai lasisi a ƙasar da za a nemi hakkin, wanda cutar asbestos ita ce sana'arsa. Lauyan gida zai taimaka da rantsuwa da takardun gado, amma ba zai iya tuƙa shari'ar ba. Ƙungiyoyin masu cutar, irin su Mesothelioma UK a Birtaniya da ANDEVA a Faransa, wuri ne mai kyau na fara tambaya. Duk sunan da aka ba ka, ka duba shi da kanka a rajistar hukumar lauyoyi: SRA a Ingila, ƙungiyar lauyoyin jiha a Amurka.

Ka tambaye shi ko ya taɓa riƙe shari'ar wanda ke zaune a wata ƙasa, wace doka yake ganin za ta hukunta taka, yaushe wa'adi zai cika, kuma ta yaya zai ɗauki shaidar mara lafiya. Bidiyo ya wadatar a mafi yawan lokuta, ba sai an yi tafiya ba. Lauyan da ya faɗa maka adadin kuɗi a hirar farko, tun bai ga takarda ko ɗaya ba, ni dai ba zan ba shi aikina ba.

Kan kuɗi: a Ingila ana yin yarjejeniyar "in ba a ci ba, ba biya", kuma a shari'ar mesoteliyoma wanda aka kayar ne ke ɗaukar kuɗin lauya, don haka bai kamata a taɓa diyyarka ba. A Amurka lauya kan ɗauki kashi 33 zuwa 40 cikin ɗari na abin da aka samu, ban da abin da ya kashe. Ka tambaya ko za a cire kasonsa kafin kashe-kashen ko bayansu, bambancin ba kaɗan ba ne. Neman FIVA ba ya buƙatar lauya. Abin da zai iya fita daga aljihunka shi ne kwafin fayil ɗin asibiti, rantsuwa, fassara da kuɗin aike. Ka adana kowane rasit, ana iya mayar maka.

Hattara: duk wanda ya kira ko ya aiko saƙo cewa an ware maka diyya, ka biya kuɗin buɗe fayil ko na haraji kafin a sake ta, ɗan damfara ne. Kuma kada ka sa hannu da lauyoyi biyu a kan ƙara ɗaya. Wasu shafukan intanet masu kama da na lauyoyi dillalai ne da ke sayar da sunanka.

8. Fara da tsarin gwamnati

Kuɗin hukuma ya fi na kotu saurin fitowa, kuma ba ya buƙatar a nuna laifin kowa. Ga wanda ya shaƙi ƙurar a Birtaniya akwai alawus ɗin cutar aiki na mako-mako, wanda ke ɗaukar mai mesoteliyoma a matsayin nakasa ɗari bisa ɗari kai tsaye. Akwai kuɗin dunƙule na dokar 1979 da na tsarin 2008; wa'adin na 2008 wata 12 ne kacal daga gano cutar. Sai tsarin DMPS na 2014, na wanda aka gano masa mesoteliyoma daga 25 ga Yuli 2012 kuma aka rasa kamfaninsa da inshorarsa, wa'adinsa shekara 3. Dukkansu sun rataya ne a kan ƙurar da aka shaƙa a cikin Birtaniya, don haka wanda kamfanin Birtaniya ya kai wata ƙasa sai lauya ya duba matsayinsa.

FIVA na karɓar wanda ya shaƙi ƙurar a ƙasar Faransa, ko wanda inshorar Faransa ta amince cutarsa ta aiki ce, tare da magadansu, kuma doka ta ba shi wata 6 ya yi tayi. A Jamus asusun inshorar haɗarin aiki na kowace sana'a ne ke bincike da kansa ya kuma biya, ba a cika ƙarar mai kamfani ba.

Hattara: a nuna wa lauya kowane fom kafin a aika. Abin da aka rubuta a fom ɗin hukuma dole ya yi daidai da bayanin mataki na 3, domin ɗaya ɓangaren zai nemi kwafinsa. Ka sani kuma za a cire abin da hukuma ta biya daga diyyar kotu. Karɓar tayin FIVA kuwa yana rufe ƙofar ƙara a kan wannan asarar.

9. Shari'a da tayin sulhu

Yawancin waɗannan ƙararraki sulhu ake yi. Babbar kotun Landan tana da hanyar gaggawa ta musamman ga mai mesoteliyoma: alƙali kan ce wa kamfani ya nuna dalilin da ba za a kama shi ba, in ya kasa a umarce shi ya fara biyan fam 50,000 kafin a ƙarasa lissafi. Kotun cututtukan ƙura da ke Sidni takan je har gadon asibiti ta ɗauki shaida.

Kafin ka karɓi tayi, ka tabbata lissafin ya haɗa da azabar ciwo, albashi ko fanshon da za a rasa, jinyar da 'yan uwa ke yi kyauta, tafiye-tafiyen asibiti, da abin da waɗanda yake ciyarwa za su rasa. Don haka a buɗe littafi tun yau ana rubuta wa ya yi jinya, awa nawa, me aka saya. Sai kuɗin magani na gaba. Magungunan zaburar da garkuwar jiki da aka amince da su ga mesoteliyoma tun 2020 suna da tsada ƙwarai, kuma lauya nagari zai nemi a bar wannan ɓangaren a buɗe, inshora ta riƙa biya duk lokacin da likita ya rubuta.

Hattara: wanda ciwonsa bai kai kansa ba tukuna, wato tabon huhu ko kaurin tantani, ya yi taka-tsantsan da takardar da ke cewa an gama magana har abada. A Birtaniya ana iya karɓar diyyar wucin gadi da ke barin damar komawa kotu in kansa ta bayyana daga baya. Kuɗin ya ɗan fi ƙanƙanta, amma wanda ya karɓi na rufewa ya sayar da wannan damar.

10. In mara lafiya ya rasu

Hakkin yana komawa ga magada, amma yadda yake komawa ya bambanta. A Ingila ana buɗe sabon wa'adin shekara 3 daga rasuwa, matuƙar na farko bai riga ya cika ba. A New South Wales diyyar azabar ciwo tana wucewa ga magada ne kawai in an shigar da ƙarar yana raye, ko da kwana ɗaya ne kafin rasuwar. Shi ya sa ake matsa wa lauya ya shigar da takarda da wuri ko da sauran hujjoji ba su kammala ba.

Tun yana da rai, ya rubuta wasiyya da ta ambaci wanda zai ci gaba da neman, ya kuma ba wani amintacce takardar wakilci don sa hannu in jiki ya gaza. Wakilcin yana faɗuwa da rasuwa, daga nan sai takardar kotu ta mai kula da gado, kuma wata ƙasar za ta ce sai kotunta ta sake amincewa da ita. A tanadi takardar aure da ta haihuwar kowane ɗa, da shaidar duk wanda mamacin ke ɗaukar nauyinsa, domin dokar ƙasar da ke biya ce ke faɗin wanda ya cancanci kason masu dogaro da shi.

A roƙi likita ya rubuta ainihin sunan cutar a takardar rasuwa. "Gazawar numfashi" ko "ciwon ƙirji" kaɗai yana ba inshora abin kamawa. In an riga an yi gwajin nama yana raye kuma an adana shi, da wuya a buƙaci binciken gawa. In ba a yi ba, a kira lauya a ranar, kafin a yi jana'iza, domin a wasu shari'o'in, musamman na kansar huhu, ɗan yankin huhun da za a ƙirga zaren asbestos a cikinsa shi ne hujjar da ta rage.